Ƙwallon Dabino Uku a Bayan Ƙyaure

Tun da na dawo daga Damagaram mutanen majalisarmu ta bakin kasuwar Kazaure suka hana ni shan shayi cikin kwanciyar hankali. Wannan ya ce, "Malam Habu, wai da gaske ne kuɗi kuka biya aka zagaya da ku gari a ƙasa?" Wancan ya ce, "Wai kuma mace ce a gaba kana bin ta a baya?" Duk gaskiya ne. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu kowa yana tafiya yana ƙara masa gishiri, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wanda ya sake tambayata takarda zan miƙa masa.

Ni ba mutumin yawon buɗe ido ba ne. Malamin dabbobi ne ni, shekara talatin ina bin rugage tsakanin Gwiwa da Roni ina yi wa shanu allura, idona ya buɗe iya buɗewa. Inna ce ta ja ni, mahaifiyata.

A Babura Inna ta girma, a nan aka yi mata aure, amma a Damagaram aka haife ta. 'Yar fari ce. Tana da shekara bakwai, a wata shekara ta yunwa, aka ba gwaggonta riƙonta aka ƙetaro da ita. Daga ranar ba ta sake sa mahaifinta a ido ba. Bai zo ba, bai aiko ba, har ya rasu. Kowa ya san kunyar ɗan fari a wurinmu: ba a kiran sunansa, ba a nuna an damu da shi. Ni ma haka nake da babbar 'yata da ke aure a Roni, shekara shida ban taka ƙofar gidanta ba, kuma ban taɓa ganin laifina ba. Amma Inna takan ce akwai kunya akwai mantuwa, ita kuwa ba ta san wacce aka yi mata ba.

Mahaifin nata magini ne. Ta ce duk gidan da ya gama, kafin yaɓen zaure ya bushe, sai ya duƙa a bayan ƙyaure ya danna ƙwallon dabino uku a bango, daidai gwiwa, ɗaya bisa ɗaya. Na sama nata ne, biyun na ƙannenta. Uwarta ce ta taɓa kama hannunta ta nuna mata. Abin da take so ta sani kafin ta bar duniya ɗaya ne tak: gidajen da ya gina bayan an tafi da ita, uku ya ci gaba da sawa, ko biyu?

Mu 'ya'yanta tatsuniya muka ɗauki zancen. In ta fara sai mu haɗa ido mu yi murmushi. To bana yanar ido ta rufe mata gani, sai inuwar mutum take gani, abinci ma ta fara ture shi. Ran nan ta ce da ni, "Habu, in ba za ka kai ni ba ka sa ni a mota, bakina zai kai ni." Ƙanwata Binta da ke Kano ita ce mai wayon waya. Ta nemo wata mai zagayawa da baƙi tsofaffin unguwannin Damagaram, ta biya ta, ta ce mu kaɗai za a ɗauka ranar. Da na ji abin da aka biya don a yi tafiyar ƙasa, sai da na zauna. Ni da nake tafiyar ƙasa kyauta tun ina saurayi!

Da sassafe muka hau motar Babura. Daga nan muka shiga wata tsohuwar mota zuwa bakin iyaka, mu tara da rago ɗaya. Ragon yana tari irin wanda na sani, na ce da mai shi ya nemi magani kafin ya kai kasuwa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce ragonsa lafiya lau, ƙila ni ne mai tarin.

A iyaka wani jandarma ya karɓi katin shaidar Inna yana juyawa, ya ce, "Iya, ina aka haife ki?" Ta ce, "Damagaram." Ya ce, "To ai nan Babura aka rubuta." Na ce a raina yau za a mai da mu. Inna kuwa ko a jikinta. Ta ce, "Ɗan nan, wanda ya rubuta yana wurin aka haife ni?" Jandarman ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya miƙa mata katin da hannu biyu ya ce, "Sannu da zuwa gida, Iya." Na ga ta daɗe tana murza katin. A nan na canza kuɗi. Na ba da damin naira mai cika aljihu, aka miƙo mini 'yan takardun sefa da ba su kai kaurin katin Inna ba. Na tsaya ina jiran sauran, mutumin ya ce ai shi ke nan.

A Magariya muka tsaya cin abinci. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ga tauri, mutum ya saƙale shi a hammata yana tafiya ba ko leda. Inna ta ciza sau ɗaya ta ce in ajiye mata, zai yi amfani in kare ya biyo mu.

Mun shiga Damagaram rana tsaka. Abin da ya fara ba ni mamaki duwatsu ne, manya-manya a tsakiyar gari, sai ka ce Kazaure aka ɗauko aka faɗaɗa. Na biyu kuwa, garin ya mutu murus. Kantuna a rufe, ofisoshi a rufe. Na tambayi mai babur ɗin da ya ɗauki kayanmu ko rasuwa aka yi. Ya ce a'a, hutun rana ne, sai la'asar a buɗe. Wato gari guda ya haɗa baki ya kwanta barci da rana, ba mai jin kunyar wani! Masaukin da Binta ta kama mana ƙaramin gida ne mai tsabta. Da yamma aka kawo abinci: faranti cike da ɗanyen ganye, da tumatir da albasa, an yayyafa mai. Na jira tuwo ya biyo baya, shiru. Inna ta shafa farantin ta ce, "Habu, kai ne malamin dabbobi, duba mini, wannan namu ne ko na ragon ɗazu?" Sai da na fita na samo mana fura.

Washegari ƙarfe takwas daidai aka yi sallama. Na fito ina neman namiji, don Binta ba ta gaya mini ko wa ta samo ba, sai ga mace, za ta yi shekara arba'in, da mayafi, da malafa a kan mayafin, da takalmin 'yan ƙwallo, ta rataya gorar ruwa. Ta ce sunanta Rabi, amma Madam ake ce mata. Ta durƙusa har ƙasa ta gai da Inna, wannan ya ɗan sanyaya mini rai. Sannan ta miƙe ta karanto mana dokoki kamar hedimasta: zagayen awa uku ne, a ƙasa, ba a rabuwa, ba a ɗaukar hoton mutum sai da izininsa, kuma ba a taɓa bango, don gine-ginen sun tsufa. Ban gaya mata abin da ya kawo mu ba. Kunya nake ji a ce ƙato kamata ya ƙetaro ƙasa neman ƙwallon dabino.

Matar nan akwai sauri, akwai baki. Muka kutsa lungunan Birni tana nuna mana zane-zanen da ke fuskar gidaje, tana faɗin wannan na attajiri ne, wancan na malami ne. A wani lungu muka iske Turawa uku sun kewaye indararo, sun durƙusa suna ɗaukarsa hoto. Indararo fa, na zubar ruwan sama! Na ce, "Madam, lafiyarsu kuwa?" Ta ce daga ƙasarsu suka zo musamman. Ta shigar da mu wani ɗaki da aka jera kayan zamanin da a cikin gilashi. Na leƙa, sai ga akushi, ga maburgi, ga faifai, ga tasa, kowanne da 'yar takarda a gabansa. Wallahi duk akwai su a ƙarƙashin gadon Inna, nata ma sun fi kyau. Na ce ashe shekara da shekaru muna kwana da gidan tarihi ba mu sani ba.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne shiga gidajen mutane. Gida da matan aure a ciki, Madam ta yi sallama, a ce a shigo, ta ja baƙi har tsakar gida, mata na daka ana kallon rufin soro. Na toge a zaure na ce ni nan ne iyakata. Ta ce, "Malam, sun saba, da yardarsu ne." Na ce su saba, ni ban saba ba.

Ita kuwa Inna zauren take so. Gidan farko, Madam na bayani, sai na nemi Inna na rasa. Can na gan ta a bayan ƙyaure, a duƙe, tana shafa bango da tafin hannu. Madam ta ce a hankali, "Iya, ba a taɓawa." Inna ta ce, "To, 'yar nan." Gida na biyu ta sake. Na uku ma haka. Ga shi duk wanda muka wuce sai ta tsaya ta gaishe shi, ta tambayi iyali da gajiya, awa ukun Madam ta ƙare ba mu yi rabin hanya ba. Wasu zaurukan an shafe su da siminti sumul, wasu an sake ginin. Duk gidan da muka fito sai in ga kafaɗunta sun ƙara sauka. Ni kuma raina yana ta ɓaci, ga rana, ga idon mutane.

A gida na shida abin ya fashe. Wata mata ta fito daga ciki ta ga tsohuwa baƙuwa a tsugune a bayan ƙofarsu tana tona gindin bango da farce. Ta ƙwala ihu: "Wayyo jama'a! Me take binne mana? Me kuka zo sa mana a gida?" Kafin ka ce me, lungu ya cika. Wani na cewa a tona a gani, wata na tofa addu'a. Madam na ba da haƙuri da Hausa tana haɗawa da Faransanci. Ni kuwa kunya ta rufe ni, na kama hannun Inna na fito da ita, na faɗi maganar da har yau in na tuna sai in ji ɗaci a bakina. Na ce, "Inna, don Allah ki daina kunyata mu a ƙasar mutane. Babu wani dabino. Shekara saba'in da wani abu, wa ya tuna da ke a nan?"

Ta zare hannunta daga nawa, ta lalubi dakali ta zauna. Tun da nake ban taɓa ganin Inna ta ƙanƙance haka ba.

Madam ta sallami mutane, ta dawo ta tsuguna a gabanta, ta ba ta ruwa. Ta ce, "Iya, wane dabino? Me kike nema tun safe?" Inna ta gaya mata, a taƙaice, ba tare da ta ɗaga kai ba. Ina kallon fuskar Madam tana sauyawa. Ta cire malafar ta riƙe a hannu. Ta ce, "Uku? A jere, ɗaya bisa ɗaya, a bayan ƙyaure?" Inna ta ɗago. Madam ta ce, "Innalillahi. Iya, shekara goma sha biyu ina nuna wa Turawa su, ina ce musu laya ce ta maganin mayu. Haka na ji, haka nake faɗa. Har a littafinsu wasu sun rubuta!" Ta juyo kaina, ido jawur. "Kai kuma Malam, tun safe kana biye da ni kamar an ɗinke maka baki? Da ka faɗa ai da can muka fara."

Gidan da ƙwallayen suke yana unguwar Zango, da ɗan nisa, shi ne wanda take rufe zagayenta da shi. Na ce a kira babur. Inna ta ce da ƙafa aka fitar da ita daga garin nan, da ƙafa za ta je. Tsohuwar da nake ja tun safe, sai ga shi ni nake haki a bayanta.

Gidan ba shi da girma, amma zanen fuskarsa ya fi duk wanda muka gani kyau. A zaure muka iske maigidan a kan buzu, wani dattijo mai suna Alhaji Isufu, yana jan carbi. Aka gaisa. Madam ta ce, "Alhaji, yau dokata zan karya, a bar Iya ta taɓa bango." Da kanta ta janye ƙyauren, ta kama hannun Inna ta kai shi ƙasa. Na matsa na leƙa. Ga su nan kuwa, sun yi baƙi sun yi sheƙi, a nutse cikin yaɓe. Yatsan Inna ya sauka a kan na ƙasa, ya hau na tsakiya, ya hau na sama, ya tsaya. Shekara hamsin ina yi wa matar nan dariya a zuci.

Na ɗauka shi ke nan, amma ita ba ta gama ba. Ba ta juyo ba ta ce, "Alhaji, yaushe aka gina gidan nan? Kafin yunwa ko bayanta?" Sai a lokacin na tuna, in kafin a tafi da ita ne, ukun ba su gaya mata komai ba.

Dattijon ya ce, "Bayanta, Hajiya, da nisa. Mahaifina ya ce sai da aka shekara goma da wucewarta ya samu abin yin gini. Tanimu magini ne ya yi shi." Da jin sunan Inna ta dafa ƙasa. Ya ci gaba, "Na san shi sarai. Duk bayan damina shi ke zuwa gyaran yaɓe, har ya tsufa. In ya zo nan wurin ba ya bari kowa ya sa hannu, da kansa yake kewaye su, ya goge su da babban yatsa. Mu dai 'ya'ya biyu muka san shi da su, Idi da Hauwa, duk sun riga mu gidan gaskiya. Na taɓa ce masa, Baba Tanimu, 'ya'yanka biyu, na ukun fa? Ya ce na waccan ne, ta ƙetaren iyaka, ƙasar Ingilishi. Na ce wa sunanta? Ya ce in miƙo masa ƙasa, yaɓe na bushewa." Ya dubi Inna da kyau, carbin ya tsaya a hannunsa. "Hajiya, ko dai ke ce waccan?"

Inna ta jingina goshinta da bangon. Ba ta yi kuka mai sauti ba, kafaɗunta ne kawai ke rawa. Can ta ce, "Ashe yana ƙirga ni." Ta sake cewa, "Habu, ka ji? Ashe yana ƙirga ni." Na ce na ji, Inna, ki yafe mini. Madam ta juya mana baya tana share fuska da mayafi, Alhaji Isufu yana ta salati. Ya aika cikin gida a dafa abinci, ya rantse ba za mu koma masauki ba, ya ce 'yar Tanimu ba ta kwana a gidan haya a Damagaram. A gidan muka kwana biyu. Tuwon gero aka yi mana da miyar kuka, Inna ta cinye ta nemi ƙari, abin da ta yi wata uku ba ta yi ba.

Ranar da za mu taho Madam ta zo rakiya har tasha. Ta ce daga yau ta bar zancen mayu, amma Turawa za su ji haushi, don sun fi son mayun. Inna ta sa mata albarka, ta ce ta riƙa rage sauri.

A hanya Inna barci ta yi ta yi. Ni na kasa. Ina ta lissafin mutumin nan da ban taɓa gani ba, kakana, yana goge ƙwallon dabino da yatsa shekara da shekaru, ita kuma tana Babura, tafiyar yini guda, tana zaton an manta da ita. Shi aƙalla ya bar alama a bango. Na tambayi kaina ni me na bari, na rasa.

Da muka iso Kazaure na sauke Inna a gida, ban ko cire takalmi ba na hau babur na nufi Roni, da ƙullin dabinon da na saya a tasha. Sai da na yi tambaya sau biyu kafin na gane gidan, gidan 'yata. Na yi sallama. Ta fito da ludayi a hannu, ta gan ni, ludayin ya faɗi. Ta dafe ƙirji ta ce, "Baba! Wa ya rasu? Inna ce?"

Na ce ba wanda ya rasu.

Ta ce, "To me ya faru?"

Na buɗe baki in kira sunanta, wallahi ya ƙi fitowa. Na miƙa mata dabinon na ce, "Ba komai. Zuwa na yi in gan ki."

Ta karɓa, ta tsaya tana kallona, hawaye na zuba. Sannan ta ruga ciki tana kiran a kawo tabarma, ba waccan ba, sabuwar.